Bebiya

Sunanta Bebiya.
Shekara goma sha ɗaya ba ta ce uffan ba,
tun ranar da Baba Kyari ya kaɗo zabbin daji uku
a gefen hanyar Tanut,
ya dawo yana tari, ya jingine ta da bango,
bai sake ɗaukarta ba.

Ni tela ne a Kasuwar Dole,
wuni guda ƙafa na taka keke, ido na bin allura.
Amma ran Alhamis, in an sallame la'asar,
sai in shimfiɗa tabarma in ware ta gaɓa-gaɓa,
ƙota nan, baki biyun can, ƙusoshi cikin faifai.
Man da keken ɗinki ke sha, shi take sha.
In tura tsumma fari, ya fito baƙi, in sake turawa,
har in leƙa in hango 'yar rana a ƙarshen rami.
Akwai tsaga a ƙotar, an naɗe ta da jar fata,
aikin wani baduku na Birni da ya riga mu gidan gaskiya.

Zuwaira ta ce ko ludayi ya fi ta amfani.
Ban musa ba.

Takardar izininta na cikin gwangwanin madara
tare da takardar gida.
Na sha layi dominta, na sayi tambur, na dangwala yatsa,
jandarma ya dubi lambarta, ya dube ni,
ya ce, "Tela, me ya haɗa ka da wuta?"
Na ce gado.

A fada, wajen shayi, ita ce abin gardama.
Tsahiru ya ce ƙarfe irin wannan sai hannun soja.
Gonda ya ce wanda bai ajiye ba, da ido ɗaya yake barci.
Su ja, su ja, har kofi na uku ya huce.
Ni dai kurɓa nake.

Sai bazarar bara.
Kwana tara famfo bai yi ko atishawa ba,
duwatsun gari na amayar da zafin da suka haɗiya da rana.
Tsakar dare na ji dirar ƙafa ta katangar baya.
Ban san lokacin da na ɗauko ta ba,
ban san lokacin da na ɗura ba,
na dai tsinci kaina a duhun zaure,
ƙota a kafaɗa, yatsa a kan kunama,
zuciya na dukan haƙarƙari kamar ana sussuka.

Inuwa ta wuce ragon.
Ta wuce babur.
Ta durƙusa gaban randa.

Sai tari, ɗan siriri, mai shaƙewa a ƙarshe.
Na san tarin nan, sahu ɗaya muke da asuba.
Ila ne, wanda matarsa ta sauka shekaranjiya,
da buta biyu a hannu, yana ɗiba da moɗa a hankali
don kada ruwan ya yi magana.

Baba yakan ce harsashi ba ɗan aike ba ne,
ba a ce masa dawo.
Na tsaya nan, gumi na shiga mini ido,
har ya cika, har ya rufe randar da faifanta,
har ya haura.
Gwiwata ce ta fara zama, sannan ni.

Da safe na tura yaro da jarka, ban ce kome ba.
Ran suna na ci tuwo a gidansa.
Ya riƙe hannuna ya daɗe, shi ma bai ce kome ba.

Yau Alhamis.
Harsashi bakwai ne, har yanzu bakwai,
ɗaya na da ɗan ƙarzo a gindi, ni kaɗai na san shi.
Autata Hurera na riƙe mini da kwalbar mai.
Ta ce, "Baba, yaushe za ta yi magana?"
Na ce miƙo tsumman.