Mai Naɗin Laima

A Farin Gada nake sayar da dankali yanzu.
In buhu ya ƙare sai in shimfiɗa shi, in ninka sau uku,
in bi gefensa da tafin hannu har ya kwanta.
Yaran kasuwa na dariya: "Baba Ɗantala, buhu ne fa!"
Ban taɓa gaya musu ba,
hannu ba ya manta aikin da ya ci amanarsa.

Shekara tara na yi ina naɗin laimar tsira
a dogon ɗaki mai sanyi, kan tebur mai santsi.
Farin siliki, igiya bayan igiya,
kowacce sai yatsana ya bi ta har ƙarshenta,
sannan in ɗauki kati in sa sunana a ƙasa.

Jiragen baƙi ne a lokacin, ba su da farfela,
ta hanci suke shan iska, su yi aman wuta ta baya.
Masu koyarwar ma da ladabi suke taɓa su.
Yaran kuwa gemu bai gama fito musu ba,
jiya suna kora awaki a gindin dutse,
yau ga su bisa Shere suna keta gajimare kamar wasa.

Barau ya fara tafiya, wajen sauka, a gabanmu.
Nanle kuma gajimaren Agusta ya haɗiye shi,
kwana huɗu kafin mafarauta su kai ga inda yake.
Aka share fili, aka busa bigila,
da safe wani ya sa hularsa ya hau gurbinsa.

Davou ɗan Gyel ne, mai wushirya.
Uwarsa kan aiko masa da gwate a koren kwano,
ya zo ɗakina mu sha, yana kallon hannuna.
"Ka naɗa da kyau," in ji shi, "amma ba zan buɗe ba.
In ka ga na kaɗa fiffike bisa Bukuru,
tsohuwa nake gaisarwa daga nesa."

Ranar Talata ce, hantsi bai yi zafi ba.
Injin ya yi tari sau biyu ya yi shiru.
Ta rediyo ana ta ihu: "Fita! Ja igiyar kujera!"
Bai fita ba.
A bakin tsohon kududdufin kuza
ƙasa ta karɓi abin da sama ta kasa.

Wasu sun ce makaranta yake kauce wa.
Wasu sun ce tsoro ya daskarar da hannunsa.
Wasu sun ce kujerar ce ta cije.
Takardar manya layi ɗaya ta rubuta,
ta ɗora komai a kan wanda ba zai iya musu ba,
aka buga hatimi, aka rufe maganarsa.

Sai aka kawo mini laimar.
Gefe ɗaya ya babbake, sauran yadda na bar ta.
Gaban hafsoshi biyar aka ce in ja.
Na ja, ta buɗe fara fat, ba ƙulli ko ɗaya,
ta cika ɗakin ta kwanta a kan takalmansu.
Suka ce, "Ba laifinka, kofur."
Na fita bayan ɗaki na yi amai.
Da laifina ne, da na san wanda zan tuhuma.
Aikina ya yi kyau, kuma bai amfane shi da komai ba,
wannan ne gashin da har yau nake sha a kansa.

Uwar ta zo karɓar kaya:
akwati, takalmi ƙafa biyu, da koren kwanonta.
Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni,
"Can sama akwai sanyi kamar na nan?"
Na buɗe baki, na rasa amsa.

Har yau in jirgin yaƙi ya ratsa saman Jos
nakan saki mudu, mai saye ya jira.
Ba na ɗaga kai. Kunne nake kasawa,
ina ƙirga a zuci, ɗaya, biyu, uku,
har ƙarar ta wuce duwatsu ba ta yanke ba.
Sannan in ce, "Nawa ka ce in auna?"
in sunkuya in kama buhun ta bakinsa.