Tudun Bayan Gari

Likita ya ce da Inna Tsahara ta riƙa tafiya,
jini ya hau, sai ƙafa ta sauko da shi.
Shi ya sa muka fito bayan asuba, ɗari na cizon kunne,
ita da rigar sanyi ta gwanjo, maɓalli ɗaya ya ɓace,
ni da falas ɗin shayi a hammata.

Ba dutse ba ne. Rairayi ne ya tara kansa
a bayan Maraɗi, inda kwalta ta gaji ta tsaya.
Mutumin Damagaram zai yi mana dariya.
Amma hawa hawa ne ga mai saba'in da ɗoriya.
Sau uku muka tsaya.
Ta ce ba gajiya ba ce, kallo take yi.

Gawo mai gardama ya sa koriyar riga,
shi da ya yi damina tsirara.

Daga sama, ga gulbi kwance babu ruwa,
kamar farin zanen da aka shanya aka manta.
Gefensa albasa, tumatir, zogale,
injin ban ruwa yana tari daga nesa.

Ta miƙa sanda. Ka ga kukar can?
Rijiyar Hankurau ke nan.
Wa da ƙane suka haƙa ta, gaba ashirin da biyu,
suka zo suka ɓata a kan guga.
Guga fa, na fatar akuya.
Ƙanen ya kwashe iyali ya yi gabas,
tafiyar da ba ta kai dahuwar wake ba,
ya kafa bukka, ya juya ƙofarta.
Garin nasa ake ce wa Ba-Ruwana.
Har gobe in sun ƙulla aure tsakaninsu
sai an sa guga cikin kaya, tsofaffi su yi ta dariya.

Inda hayaƙi ke tashi, Garin Barmo.
Zamanin gyaɗa sun ga kuɗi,
har wani ya sayi keke bai iya hawa ba,
kullum ya ja shi zuwa kasuwa, ya jawo shi gida.
Da gyaɗa ta faɗi, suka koma maƙerarsu,
wutar ba ta yi fushi ba, ta karɓe su.

Na zaro waya in duba taswira.
Fili ne kawai, rawaya, da layi ɗaya.
Babu kuka, babu guga.
Na mayar da ita aljihu.

To can ƙasa fa, Inna, inda ake dashen albasa?
Ta daɗe tana hura shayi.
Nan ne namu, in ji ta. Ban gan shi ba, an dai ba ni.
Daren da gulbi ya shigo ba sallama,
uwata ta hau nan da yayata a baya,
dutsen niƙa a ka.
An ce mata ki yar, ta ce gobe da me za a ci?
Shi ne dutse na farko da ya taɓa hawa tudun nan.

Ta sunkuya da ƙyar, gwiwa tana ƙara,
ta tono tsingaro daga gindin sabara,
bakin tulu, da sawun babban yatsa a jikinsa.
Ta ɗora nata a kai. Ya ɗan fi nata faɗi.
Na ce mu tafi da shi gida.
Ta ce a'a, a bar wa wuri haƙoransa.

Rana ta fito, sanyi ya fara sakin yatsu.
Muka gangaro, rairayi na cika mana takalma,
amalanken shanu ya wuce da karan dawa.
A bakin kwalta ta sayi ƙosai,
wanda likita ya hana.

Na ce akwai gari na huɗu, mai farin masallaci,
ba ki ba ni labarinsa ba.
Ta lashe mai daga yatsa.
Gobe, in ji ta.
Ai likita cewa ya yi kullum.