Bugun Alƙahira

Shekara bakwai ina bisa buzu a Gwandu,
Ina tsefe nahawu, fitila na cin idona.

Na sai da albasa buhu tara a Aliero,
Na buga ɗari uku, kowane da gumina.

Wani ɗalibi ya tafi karatu da guda a jaka,
Ni na ba shi, har da addu'a, a zaurena.

Bana a Jega, rumfar Bawa Ɗan'illo,
Na buɗe wani mai bangon zinari, sai ga muryata, ga zancena.

Takarda fara sol, ɗinki ba ya motsi,
An yi wa ɗan ado, an kankare sunana.

Shafi na arba'in da biyu, fataha a gurbin kisira:
Ɓarawon kirki, bai bar ko kuskurena.

Na ce, "Nawa?" Ya ce, "Dubu shida, Malam,
Bugun Alƙahira ne, shinshina ka ji, ɗan'uwana."

Na ƙirga na miƙa.
Na sayi abina da kuɗina.

Lauya Hantsi a Birnin Kebbi ya ce akwai doka can,
Haƙƙin mallaka, kotu, tara, duk a bakin masana.

"Sai dai ka je da kanka, ka ɗau lauyansu."
Kuɗin jirgi kaɗai zai haɗiye gona da jakina.

Na aika wasiƙa da Larabcin da suka ɗauka,
Wata tara, ko "mun gani" ba ta taka gidana.

Daren jiya na jawo adaka don in huce,
Rabin abin da ke ciki hoton hoto ne, tun samartakana.

Wa na biya? Wani tsoho a Dimashƙa ko Tunis
Wataƙila shi ma yana can yana cizon yatsa a kaina.

Kaka in ya kwafe littafi da tawada,
Sai ya sa sunan mai shi, ya roƙa masa Aljanna.

Ni ko wannan ma ta ishe ni.
To, yau na koma Jega da alƙalamina.

Saura sha ɗaya a rumfa. Na zauna, na gyara fatahar,
Na rubuta "Haliru na Gwandu" da hannuna.

Bawa na ihu wai ina ɓata masa haja.
Na ce, "Kai ƙara Alƙahira. Ina nan kan tabarmar gidana."