Kusa Mai Doro

Ni na yanke sifirin da hannuna,
zagaye biyu-biyu, daren wata Asabar a Londrina.
Mota ta laɓe ƙasa kamar kyanwa a bakin rami,
saura yatsa uku cikinta ya shafi kwalta.
Samarin layinmu suka yi fito,
kaina ya fasu.

Wata uku ina rarrafe,
ina hawa tudun titi a kaikaice, tafiyar ƙaguwa.
Sitiyari na jan hannuna hagu,
ina cewa iska ce.
Sai ranar ruwa, a kwanar rumbun kofi,
na taka birki, birki ya yi magana,
taya ba ta amsa ba.

Dona Zulmira ba ta dubi fuskata ba.
Ta tsuguna, ta zura tafi can ciki
inda ido ba ya zuwa,
ta fito da ɗigon jini a babban yatsa.
"Waya ta ɓullo," in ji ta.
"Daga waje sabuwa dal, daga ciki sanƙo.
Koma baya, Josimar, ka duba."

Na koma, na duba.
Kawunan tayoyin sun karkata ciki kamar masu raɗa,
ƙasansu ya baje waje.
Gwame.
Motata na da gwame, ni na sa mata.

Na zaci za ta ce in mai da ita sama.
Ta ce, "Gajarta ba laifi ba ce, ni ma ga ni.
Amma abin da ka sauke sai ya sake koyon tsayuwa.
Ƙarfe ba ya yafe bashi."

Injin awonta ya mutu tun kafin Ista.
Zare ta ɗauko, da dalma a bakinsa,
ta rataya gefen wili, ta jira ya gama lilo.
Ta auna sama, ta auna ƙasa,
ta rubuta da alli a siminti:
hagu, uku da rabi. Dama, biyu da ɗan kai.
"Ko a karkacewar ma ba su yi shawara ba."

Jek ya ɗaga. Ta zare kusar sama,
ta sa wata mai doro a gadon baya,
ta miƙa min sifana, ta ce riƙe.
Kowane juyi, doron ya tura kan wili waje
kaurin farcen jinjiri.
Sauke. Girgiza. Tura gaba, tura baya.
Auna. Sake ɗagawa.
Sau biyar, har kofinta ya huce a kan mataccen batir.
Na baya ba su da wurin juyi,
sai ta cusa musu fallen ƙarfe, siriri kamar reza.
Ta dawo kan hancin tayoyin gaba,
ta ce shi ne ɓarawon ɓoye:
gwame na lasa, hanci na cinyewa.

Na ce, "Bar min ɗan karkace, don kwalliya."
"Digiri ɗaya," in ji ta. "Wannan rabon kwana ne.
Abin da ya ɗara haka,
kai da mai sayar da taya."

Da ta juya neman canji
na ga takalminta na hagu,
dunduniyar ta cinye ta ciki, har fata ta leƙo.
Ta kama ni ina kallo.
"Shekara talatin da ɗaya ina tsugune.
Wannan ba a ƙera kusarsa ba tukuna."

A miƙaƙƙen titi, tsakanin gonakin waken soya,
na saki sitiyari, na ƙirga bakwai.
Ba ta ce hagu ba, ba ta ce dama ba.
Can gaba tudu ya taso,
na rage wuta, na shiga a kaikaice
kamar kullum.