Tamanin da Bakwai

A Potosi, inda duwatsu ke gogar sama,
inda numfashi ma sai an lallashe shi,
Malama Eulogia Ticona ta ɗora buta kan risho
gaban yara talatin da huɗu.

Littafi ya ce ruwa na tafasa a ɗari.
A bakin teku aka buga littafin.

Can baya, kan bencin da aka tokare da bulo,
Dakta Apaza na jami'a ya zauna
da takarda mai gidaje goma sha biyu:
Ta yi tambaya? Ta jira amsa?
Daƙiƙa nawa ta jira?
Shekara uku ke nan yana auna shirun malamai.

Buta ta fara gunaguni.
Saturnino ya tsoma ma'aunin zafi,
jan zaren ya hau, ya hau,
ya kai tamanin da bakwai ya toge
kamar jakin da ya hango rami.

"Ma'aunin ne ya lalace."
Aka aro na ajin gaba. Kanwar ja ce.
"A ƙara wuta!"
Aka ƙara. Tururi ya rufe taga,
lambar ko gezau.

Amsar na kan harshen malama,
tana ƙaiƙayi.
Ta haɗiye ta.
Baƙo na ƙirge: ashirin, talatin, arba'in,
gidan takardarsa kuwa a goma ya ƙare.

Sai Delfina, wadda tun farkon zango
ba a san kalar muryarta ba,
ta faɗa wa tebur:
"Kakata ta ce waken nan ya fi na Santa Cruz taurin kai.
Can, kafin a gama hira ya nuna.
Nan sai itace ya ƙare."

Malama ta ɗauki alli ta rubuta wake,
ta ja layi, ta zana dutse,
ta bar sauran allon fili.
Hannaye suka tashi, bakwai, tara,
har da na masu gyangyaɗi.

Dakta ya bi gidajensa ɗaya bayan ɗaya,
babu inda aka tanadar wa kaka.
Ya juya takardar, ya ci gaba a bayanta.

"To ranar jarrabawa fa?" in ji Saturnino.
"Me za mu rubuta?"
Malama ta dubi littafin, ta dubi butar.
"Rubuta ɗari," ta ce, "ka ci makinka.
In da sauran wuri, ka ƙara: a bakin teku."

Ƙararrawa ta kaɗa.
Da ragowar ruwan ta haɗa wa baƙo shayi.
Ya hura don sabo, ya kurɓa,
ya tambaye ta ko Talata mai zuwa
akwai wuri a bencin gaba.