Askin Gwamna

Ni na fara taɓa kan Eleutério,
tun yana malamin lissafi a garinmu na bakin kogi,
can ƙuryar Brazil, inda kwalta ta ƙare.
Gashi baƙi wuluk, cunkus kamar gonar rake.
Ya tashi daga kujerata, ya ce a rubuta bashi.

Da zai fito takarar kansila ya ce: Anacleto, rage gefe,
masu saran rake ba sa yarda da gashin birni.
Na rage. Ya ci da ratar ƙuri'a goma sha ɗaya,
ɗaya tawa, ɗaya ta surukata
wadda ta zaci limamin coci take zaɓa.

Shekarar da ambaliya ta cinye gada
kwana uku ya yi a kwalekwale yana kwasar tsofaffi.
Ya zo mini da laka har cikin kunne.
Lakar nan ce ta kai shi gidan gwamnati.

Sai mota ta riƙa zuwa ɗaukata duk Alhamis.
Ina aski, suna raɗa,
wai almakashi ba shi da kunne.
A gabana aka ba ƙanin matarsa kwangilar gada.
A gabana kuma ya sa hannu kan asibitin
da aka ciro jikata Jandira da rai.
To, wanne zan fara ɗorawa a ma'auni?

Furfura ta tsiro a zango na biyu.
Ya ce a shafa baƙi. Na shafa.
Hotunan kamfe suna ta ƙuruciya,
mai hoton yana tsufa ƙarƙashin tawul.
Ranar da malamai suka yi cincirindo kan albashi
ya leƙa taga, kumfa a haɓa,
ya ce: saki labulen, haske na damuna.

Gadar ta rufta da motar lemo a kanta.
Ba a rasa rai ba.
Kogi ya yi mako yana kai wa teku lemo,
kujerar sanata ta bi ruwa tare da shi.

Yanzu da ƙafa yake zuwa, ran Talata, in shago ba kowa.
Abin da ya saura a kan bai cika tafin hannu ba.
Yana kurɓar gahawa, yana duba wa Jandira lissafi.
Na riƙe masa madubi ta baya, kamar kullum.
Ya daɗe yana kallon ƙeyarsa.
Ya ce: ashe nan mutane suka fi gani.
Na ce: kuɗin aski ya ƙaru, ranka ya daɗe,
kuma na farkon nan, har yau ba ka biya ba.