Dare Goma Sha Ɗaya

Da rana agogon mutane nake gyarawa
a gindin gadar Obalende,
in buɗe cikinsa, in hure ƙura, in mayar masa da bugu.
Da dare sai in juya madubin nan na ido ɗaya
kan wani mutum da bai kai ɗan yatsana tsawo ba.

A Yaba na sayo su, talatin cikin leda,
duk ruwan toka, ba ido, ba baki,
irin fuskokin da ke cika danfo kafin asuba.

Burushina gashi uku ne, in ya yi yawa huɗu.
Baƙi nake fara shafawa, don inuwa ta sami makwanci,
sannan shuɗi a riga, ruwan ƙasa a takalmi,
ɗigon azurfa a bakin bindiga.
Damunar Legas ba ta san sauri ba.
Fenti ya ƙi bushewa,
sai in jera su kan murafun kwalba,
in juya musu fanka,
ni in zauna ina jiƙewa.

Barira ta leƙo: shinkafa ta huce,
mutum da furfurarsa yana wasan 'yar tsana.
Na ce ba 'yar tsana ba ce, kofur ne.
Ta ce to kofur ya biya kuɗin haya.

Ido shi ne aikin.
Ka riƙe numfashi,
ka bar zuciya ta buga ta wuce,
tsakanin wannan bugu da mai zuwa
ka ɗiga farin.
Ina kan na hagu aka ɗauke wuta.
Janaretan maƙwabci ya yi tari ya tashi,
na duba, kofur ya zama mai harara garke.
Na bar shi haka. Wa ya fito duniya daidai?

A dare na tara na yi masa faci a gwiwa,
ɗinki huɗu, ƙanana kamar ƙafar tururuwa,
irin wanda inna ta yi wa wandona na makaranta.
Ba dokar wasa ce ta ce a yi ba.

Asabar na kwantar da su cikin gwangwanin biskit
kan soson tsohuwar katifa,
na rungume su har Surulere,
kwandasta yana tambaya ko zinare na ɗauko.
Teburin Folahan ya zama ƙasa guda:
tudun kwali, kurmin soson wanka,
kogi na shuɗiyar leda da bai taɓa cin kowa ba.
Obiora ya zaro tef ɗin tela
yana auna mana nisan ajali da inci.

Na tura kofur gaba, bakin gada.
Folahan ya kaɗa 'ya'yan ludo a tafinsa ya watsa.
Shida. Shida kuma.

Dare goma sha ɗaya,
bai harba ko sau ɗaya ba.

Folahan ya ɗauke shi da yatsu biyu,
zai ajiye shi a gefe wajen matattu,
sai ya tsaya.
Ya ture tabarau goshi, ya kai shi kusa da fitila,
ya daɗe.
Da Hausarsa ta Agege ya ce,
wa ya ɗinke masa wando?

An ci mu ranar, ci mai kyau.
Ruwa ya tare mu a Ojuelegba,
na sa gwangwanin cikin riga.

Na shigo ina ɗiga, shuɗi bai fita daga farcena ba.
Barira tana tsince wake, ba ta ɗago ba.
Wa ya ci?
Na ce su. Har kofur an kashe.
Hannunta ya tsaya cikin faranti.
Ta ce, Allah sarki,
mai karkataccen idon nan?